Wayoyi Biyu a Cikin Kan Hussaina

Sallama gare ku, masu bibiyata da masu zagina a ƙasan rubutu, duk ina gani. Wadda ta ce wai gemai-gemai da ni ina soyayya kamar ɗan sakandare, na gode, Allah ya kai ki shekaruna ki gani ko zuciya tana yin furfura. Sababbin shigowa kuma ga bayani a gurguje, don ba na son a tare ni da tambaya a tsakiyar magana.

Sunana Badaru, walda nake yi a Gaya. Shagona shi ne zauren gidanmu, mahaifina ne ya fasa bangon gaba ya kafa rumfa, ya dasa injin a kan siminti, ni kuma na tashi a gindinsa. Matata Lami ta rasu, 'yata ɗaya Sa'adiya tana ɗakin mijinta. Wadda nake nema sunanta Hussaina, 'yar Gafasa ce ta ƙasar Ajingi, bazawara. Mijinta na fari ciwo ne ya sa ya sake ta. Makyarkyata ce ta kama mata hannuwa, irin rawar da in ta ɗauki kofi, kafin ya kai baki rabin ruwan yana jikin zaninta. Ita da a duk Gafasa ba a yi mai ɗinkin hula kamarta ba, sai ga shi zare ma ya daina shiga mata allura.

A haka na gan ta, a haka na ce ina so. Ku riƙe wannan da kyau. Lokacin babu babur ɗin da ke tsayawa a ƙofar gidansu sai nawa. In ta kawo min ruwa, sauri nake in karɓe kwanon kafin ya zube, in sha ina kallon bango don kada ta ji nauyi.

Sai yayanta Alhaji Auwal, mai sayar da kayan gini a Kano, ya ɗauke ta ya kai ta Misira aka yi mata aiki. Suka huda ƙoƙon kai, suka zura wasu siraran wayoyi biyu can cikin ƙwaƙwalwa, suka biyo da su ta bayan kunne a ƙarƙashin fata har ƙirji, inda aka binne batir. Batirin yana aika 'yar wuta kaɗan-kaɗan, rawar sai ta tsaya. Har rimot aka ba ta na kunna batirin da kashe shi. Ranar da na je yi mata sannu da zuwa, ta miƙo min kwano cike fal, ko ɗigo bai zuba ba. Na yi hamdala da bakina. A cikina kuwa, tunda gaskiya na ce zan faɗa muku, ba murna zalla ba ce. Na san daga ranar an gama bar mini ita ni kaɗai.

Haka kuwa aka yi. Malamin firamare ya zo, mai shagon magani na Ajingi ya zo, har wani dillalin shanu da ya taɓa cewa aljanu gare ta. Waɗannan ba su hana ni cin tuwo ba. Wanda ya hana ni shi ne Ashraf.

Ashraf injiniya ne a wani babban asibiti a Kano, yana aiki da likitan ƙwaƙwalwa. Tunda ba za a riƙa komawa Misira duk sanda za a ƙara wuta ko a rage ba, su aka danƙa wa ita. Aikinsa shi ne wata manhaja ta kwamfuta, wadda ke ɗaukar hotunan kan mara lafiya na kafin aiki da na bayan aiki ta haɗa su, ta nuna daidai inda kowace waya ta tsaya. Likita ya duba, sannan ya san ta inda zai saki wuta. Dangin uwarsa 'yan Kademi ne, shi ya sa yake yawan samun dalilin biyowa ta hanyarmu. Bai yi aure ba. Dogo ne, da farin tabarau, in ya wuce turarensa sai ya tsaya ya gaisa da mutane kafin ya bi shi.

Ranar da abin ya soma, na je zance bayan la'asar. Na sa shaddata ruwan toka wadda Sa'adiya ta ce tana rage min shekaru. Na dirje hannuna da omo da yashi har ya yi ja, amma baƙin ƙarfe ba ya barin ƙasan farce. Aka shimfiɗa min tabarma a soro. Ta fito cikin atamfa kore mai ganye-ganye ruwan ƙwai, da mayafi ruwan madara, ta karkato ɗankwali ya rufe bayan kunne inda tabon yake. Hannunta ya sha lalle, ja da baƙi. Da can ba ta yi, don mai lalle ba ta iya zana hannun da ba ya tsayawa.

"Baban Sa'adiya, in nuna maka wani abu?"

"In naki ne ina so."

Ta miƙo min wayarta. Na ga kan mutum kamar na gilas, ana hango cikinsa. Wasu sanduna biyu sirara sun sauko daga sama sun nutse, kamar an soka tsinken tsire a kabewa. A ƙarshen kowace akwai ɗan ƙullutu mai launin goro.

"Wannan fa?"

"Kaina ne."

"Kanki?"

"Cikin kaina. Injiniya ne ya turo min. Ka ga ɗan abin nan kamar ƙwayar gyaɗa? Daga nan rawar take tasowa. Ga bakin wayar nan ya sauka a kansa. Ya ce a kwamfutarsa har juya shi yake yi, ya duba ta gaba, ya duba ta baya, ya duba ta ƙasa."

Ta gaba, ta baya, ta ƙasa. Jama'a ku ji fa. Ni da na ci hanyar Gafasa damina da rani, ko silin gashinta ban taɓa gani ba, kuma haka addini ya ce. Amma wani ƙato yana zaune cikin sanyin ofis yana jujjuya kanta da ɗan yatsa.

Idona ya sauka ƙasan hoton, inda ya yi rubutu. Karatuna ba mai gudu ba ne, amma wannan bai ba ni wahala ba. Na karanta da ƙarfi: "Duk kawunan da na haɗa, naki ya fi kyau. Wayoyin sun zauna cif."

"Aikin yake nufi," in ji ta.

"Aikin. To."

Ta karɓe wayarta ta kifa a cinya. Ta ɗan ja bakin mayafi, sannan ta ce, "Akwai wata magana kuma. Ya ce in nisanci injin walda. In yana aiki kada in tsaya kusa, kada in raɓi kebul ɗinsa. Wai wutar tana iya rikita batirin."

Na yi dariyar da ba ta da daɗi. "Duk sana'o'in da Allah ya saukar, walda ce kaɗai? Bai ce faci ba? Bai ce jima ba?"

"Ya ce manyan janareto ma, da maganaɗisu. Likitocin Misira ma sun faɗa, ni ce ban riƙe ba."

"Ya san sana'ata?"

"Ya tambaya, na faɗa masa."

"Au, ya tambaya."

Ashe mahaifiyarta, Inna Baiwa, tana bayan labule tana tsince wake da kunne ɗaya a wajenmu. Ta ɗaga murya. "Badaru, ni dai ba a kai min 'ya gidan da wuta ke tashi a zaure. Ta ina za ta shiga, ta ina za ta fita? Ta katanga?"

"Inna, Lami ta zauna a gidan nan har Allah ya karɓi abinsa, ko tartsatsi bai taɓa samunta ba."

"Lami da batir a ƙirjinta?"

Ba a ja da surukai. Amma a kan babur, ina tafe ina lissafa abin. Yaro ya ga mace ta warke ta yi kyau. Ya tambayi sana'ar wanda ke gabansa. Washegari sana'ar ta zama guba. Ni ban yi boko mai nisa ba, amma na zauna da 'yan kasuwa, na san yadda ake kashe wa mutum ciniki ba tare da an zage shi ba.

Ban gama haɗiye wannan ba, sai ga hula. Ina zaune a rumfa ina cin ɗanwake na buɗe waya, na ga ta ɗora hotonsa. Yana murmushi, a kansa hula ruwan bula da zare fari, ɗinkin nan nata mai ƙananan furanni da na sani tun a tsofaffin hulunan yayanta. Shi ya fara ɗorawa ita ta kwaso, har da rubutunsa: "Hular farko daga hannun da ya warke. Alhamdulillah."

Hular farko. Ɗanwaken nan almajiri ma ban ba ba, kaji na zuba wa. Na rubuta mata:

"Hula ta yi kyau."

"Na gode. Tukuici ne kawai."

"Ni kaina ba ya ɗaukar hula ne?"

"Kanka babba ne, zare da yawa yake ci." Ta saka fuskar dariya har uku.

"Nasa kin auna kenan."

"Baban Sa'adiya, don Allah."

"Ya san cikin kanki, kin san faɗin nasa. Ni me ya rage min?"

Ta gani, ba ta amsa ba. Na zauna ina kallon alamar nan mai nuna an karanta, har wani da ya kawo gyaran garma ya gaji da yi min sallama ya tafi.

To, akwai abin da ban faɗa mata ba. Tun da ta dawo daga Misira nake haɗa ƙyauren ƙarfe na ɗakin da za ta zauna. Ba irin na kasuwa ba. Na lanƙwasa siraran rodi na fitar da furannin nan na ɗinkinta, ɗaya bayan ɗaya, da hannuna. Ita tana yi da zare, ni na yi da ƙarfe. Saura sakata kawai in liƙa.

Ranar kasuwar Gaya ta yi min saƙo cewa ta shigo gari sayen zare. Na kira ta.

"Ki biyo ki ga ƙofar ɗakinki."

"Wane ɗaki?"

"Ki zo ki gani."

Na ji murmushi a muryarta. "To ka kashe injin, ina zuwa."

Da na ce to, da yanzu wani labarin nake ba ku. Maɓalli ɗaya ne, ga shi a gefen gwiwata. Amma hular nan ruwan bula ta tsaya min a ido.

"Injin ubana ba zai mutu don wani yaro ya yi magana ba. Hussaina, yau sai ki zaɓa. Maganarsa ko tawa?"

Ina jin hayaniyar kasuwa a bayanta. Sannan ta ce, "Kai dai ba ka da dama." Ta kashe.

Na ɗauka shi ke nan. Ban jima ba sai ga A Daidaita Sahu ya tsaya, ta sauko. Doguwar riga baƙa mai duwatsu a hannu, mayafi ja, 'yar jakarta a kafaɗa. Ta tsaya a bakin rumfa, inda inuwa ta ƙare. Ta hango ƙyauren jingine da benci, ta rufe baki da hannu.

"Furannina ne!"

"Matso ki gani da kyau."

"Daga nan ma ina gani."

"Daga nan Injiniya ya ce ki tsaya?"

Ta dube ni. Irin kallon nan da mace ke yi wa namiji in ta gane wauta yake yi, amma ta fi son sa da wautar a kan ta bar shi. Ta tattare riga ta shigo, ta tsallake tarin rodi, ta tsaya a gefena, kebul yana kwance dab da takalminta. Kaina ya yi girma. Na ce a raina, yau Ashraf ya faɗi. Na saukar da baƙin tabarau, na ɗora sakata, na ƙyasta sandar walda.

"Wayyo!"

Kafin in ɗage tabarau ta riga ta zabura baya, hannunta dafe da ƙirji. Ƙafarta ta harɗe da rodi. Ta tafi gaba ɗaya, kanta ya daki kusurwar ƙyauren. Ƙarar nan har yanzu in na ajiye guduma ita nake ji.

Na kashe injin. Kun ga ashe ana iya kashe shi.

Jini ba shi da yawa, ya ɗan jiƙa ɗankwali ta gefen hagu. Ba ta suma ba. Ta zauna a ƙasa cikin garin ƙarfe tana cewa, "Ba komai, ba komai." Sai na ga yatsunta sun fara. A hankali, kamar ganye in iska ta taso. Sannan hannun duka. Sannan ɗayan. Awarwaronta suka shiga kaɗawa, ƙarar da na manta da ita. Ta dubi hannuwanta, ta tura su ƙarƙashin mayafi kamar yadda take yi a da.

"Ina rimot ɗin?"

"Yana Gafasa."

Ba sai kun zage ni ba, na riga ku.

Na ɗauki shatar mota daga tasha, na kira Alhaji Auwal na faɗa masa komai, ban rage ba. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Kawo ta." Da ya zage ni da na fi jin sauƙi.

A asibiti aka ɗinke wurin. Likita, wani dattijo mai sanyin magana, ya ɗora wata na'ura a ƙirjinta ya ce batirin a kashe yake, ya kunna. Muna tsaye hannun hagu ya lafa, ya kwanta a kan gado kamar ba shi ba. Na dama kuwa ya ƙi. Ya rage, amma bai daina ba. Hannun allura. Likita ya ce tunda ta bugu a ka, sai an sake ɗaukar hoto a ga ko wata waya ta motsa.

Aka tura ta ɗakin ɗaukar hoto. Muna zaune a benci sai ƙamshi ya iso, mai shi yana biye. Da hular a kansa. Ya gaisa da Alhaji Auwal, ya juyo gare ni, ya ɗan rusuna.

"Sannu Baba. Ya mai jiki?"

Baba. Ni ne Baba. Da mari ya ɗauke ni da shi da na san abin yi.

Da hoton ya fito aka kira Alhaji Auwal ofis. Ya tashi, ya kama hannun rigata. "Taso. Zo ka ga aikinka."

Ɗan ƙaramin ɗaki ne, sanyi kamar cikin randa, da allon kwamfuta faffaɗa. Ashraf ya zauna, likita yana tsaye a bayansa. Sai ga kan nan na gilas ya fito, babba, ya fi na waya nesa ba kusa ba. Ya taɓa, kan ya juya a hankali. Na ga ramin idanu, na ga inda aka huda, na ga ƙwaƙwalwar a naɗe. Abin da na yi ta cin raina a kai wani ya gani ban gani ba, yau ga shi an buɗe min, kuma sai da na fasa mata kai na samu. Na so in sunkuyar da ido. Alhaji Auwal bai saki rigata ba.

"Wannan shuɗin shi ne inda wayoyin suke a hoton da," in ji Ashraf. "Manhajar za ta fara daidaita ƙashin kan na da da na yau, su hau juna. Sannan ta nemo wayoyin a sabon hoto, ta zana su da rawaya. In rawaya ta rufe shuɗi, babu abin da ya motsa."

Wani layi ya fara cika a ƙasan allo. Bai da sauri. Na karanta duk abin da na haddace, na koma farko.

Rawaya ta fito. Ta ɓangaren dama ta hau shuɗin ta haɗiye shi, ko alamarsa babu. Alhaji Auwal ya sauke numfashi. Ashraf ya juya kan, ya matso da na hagu, ya ƙara girma, ya sake ƙarawa. Daga sama sun tafi tare. A can ƙasa, wajen ƙwayar gyaɗar nan, sai ga ɗan shuɗi ya leƙo ta gefe. Bai kai kaurin ƙwayar shinkafa ba.

"Wannan ɗan kaɗan ɗin?" in ji Alhaji Auwal.

Ni ban tambaya ba. A aikina in sakata ta goce da kaurin farce, ƙofa ba ta kulluwa.

Likita ya ce wayar hagu ita ke riƙe da hannun dama. Ya ce kowace waya tana da baki huɗu a jere, kuma da hoton nan za su ga wanne ne yanzu ya fi kusa da wurin, su saki wuta ta nan. Za a yi ta gwadawa a hankali. In ya kama, shi ke nan. In bai kama ba, sai an koma Misira an sake buɗewa.

"Waldar batirin ta kashe," in ji Ashraf, bai dube ni ba. "Faɗuwar ce ta taɓa wayar."

Wato duk biyun nawa ne. Kuma yaron bai yi ƙarya ba tun farko. Wannan ya fi komai ci min rai, ba zan ɓoye muku ba.

A baranda na tare shi. Ni ba na iya kwana-kwana.

"Injiniya, tambaya ɗaya. Kana son ta?"

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Baba, ni yanzu hannunta nake so ya tsaya. Sauran maganar ba a asibiti ake yin ta ba."

Kun ji. Bai ce a'a ba.

Kafin magariba Inna Baiwa ta iso daga Gafasa da kwanon fura da rimot a ƙulle a bakin zani. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa wa bango. Hussaina tana kishingiɗe, an naɗe kanta da farin bandeji, mayafin a sama. Hannun dama yana ta ɗan motsi a kan bargo, ta danne shi da na hagu.

"Inna, ba mu wuri kaɗan."

"Wuri? Wanda ya ba ki ɗazu bai ishe ki ba?"

"Inna."

Tsohuwa ta ja tsaki ta koma bakin ƙofa, ta tsaya inda za ta ji komai.

"Baban Sa'adiya, miƙo min jakata. A'a, buɗe da kanka, ni ba zan iya zif ɗin ba."

Na buɗe. Zare ne a leda, ƙulli-ƙulli, ruwan toka da baƙi.

"Na shaddarka ne," in ji ta. "Taka tana gida, na kai rabi zare ya ƙare. Na faɗa maka kanka babba ne, ka ɗauka wasa nake. Ta Injiniya a gurguje na yi ta, don in gwada hannuna. Ba na so in koyi aiki a kan taka."

Na tsaya riƙe da leda kamar wanda aka aika ya manta saƙo.

"Ka ce in zaɓa, na zo. Na san bai kamata ba, na zo." Ta ɗaga hannun, yana rawa a tsakaninmu, lallen yana gilmawa. "Ka so ni da wannan, ban manta ba. Amma ni ba na son sa, ko da shi ne zai sa ka kwana da hankalinka. Ina so in ƙarasa hular nan. Saura kai, kai ma ka zaɓa."

Daga ƙofa Inna Baiwa ta ce, "Ya zaɓa mana, ai mun ga zaɓinsa a kanki."

Washegari da hantsi na ɗauko babbar guduma na tsaya a kan injin. Ubana da hannunsa ya zuba simintin nan, har sawun yatsansa yana gefe. Duk wanda ke neman Badaru a Gaya, nan ake nuna masa. Na yi bismilla na sauke guduma.

Maƙwabta suka fito. Mai shayin tsallake ya ce, "Badaru, lafiya? Gwal ka gano?"

"Tashi zan yi. Can bayan tasha, hanyar Ajingi."

"Wajen da ko akuya ba ta kiwo? Wa zai kai maka aiki can?"

Wani ya ce, "Ku bar shi, mace ce ta tashe shi daga zauren ubansa. Tun ba a ɗaura ba kenan."

"Ita ce," na ce. "Akwai mai magana? In babu a kama min."

Aka kama aka ɗora a kura, da kebul, da rodi, da benci. Ƙyauren kaɗai na bari. Kafin a cire wuta na sa injin yanka na cinye kusurwar nan, na mayar da ita mulmulalliya, yaro ma ya faɗa kai ba zai ji ciwo ba. Na share zauren, na yayyafa ruwa. Ban taɓa sanin yana da faɗi haka ba. Na ɗauki hoto na tura mata, ban rubuta komai ba.

Aka yi azahar shiru. Aka yi la'asar shiru. Ina zaune a kan tubalin da ya rage, sai waya ta yi ƙara.

"Na gani. Allah ya sa albarka a sabon wuri. Yaya Auwal ya ce ka zo ka same shi ranar Juma'a bayan masallaci, ka taho da manyanka. Inna ta ce ba ruwanta, amma ta tambayi ko zauren yana da taga."

Na karanta, na sake karantawa. Na miƙe tsaye, na zauna. Abin da na yi ta nema tun hannunta yana zubar da ruwa, ga shi a tafin hannuna.

Sai na lura da wani abu. Rubutun nan tsaf yake. Babu harafin da ya hau wani, babu wanda ya maimaitu. Jiya matar nan zif ɗin jaka ya gagare ta. A da in rawar ta tashi murya take turo min, ba ta rubutu. Inna Baiwa ba ta karatun boko. Alhaji Auwal da na kira ɗazu yana shago.

To, ɗayan biyu ne. Ko dai sun sami bakin wayar da ya dace, hannunta ya tsaya ta rubuta da kanta. Ko kuwa wani ne zaune a gefen gadonta, riƙe da wayarta, tana faɗa yana rubutawa. Na farko shi nake roƙo a kowace sujada. Amma ko wanne ne, hannun Ashraf yana ciki, kuma muddin wayoyin nan suna kanta, ni da kaina zan riƙa ɗauko ta in kai masa, in zauna a benci yana ce min Baba.

Na rubuta, "Wa ya rubuta miki?" Na tsaya ina kallonsa. Yatsana yana kan turawa.

Na goge. Na shiga na sako shaddar ruwan toka, kaina babu hula, na buga babur na nufi Kano. Ba zan tambaya ba. Kwanon ruwa zan ce ta miƙo min.